Dutsen da Ya Narke a Gaban Yaya

Tun da hantsi Akawu yake kokawa da maɓallan tsohuwar rigarsa ta ofis. Shekara tara rabonsa da ita, kuma a cikin shekarun nan rigar ta tsaya inda aka bar ta, tumbi kuwa ya ci gaba da harkokinsa. Da ƙyar ya sasanta su. Ya tsaya gaban madubi ya ja ciki, ya ga in dai babu tari babu dariya har la'asar, asiri zai rufu.

Yau yayan Malama zai zo ganin gidansa.

Malama tana koyar da labarin ƙasa a makarantar 'yan mata, mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ta amince da Akawu, ta kuma faɗa masa da bakinta, abin da har yanzu yake zargin an yi kuskure a wani wuri. Sai dai mahaifinta ba ya raye, maganar aurenta tana hannun yayanta, mai fentin mota, mutumin da ko gaisuwa ka miƙa masa sai ya ƙwanƙwasa ta ya ji ko akwai tsatsa a ƙasa. Yayan kuma yana da nasa ɗan takarar, amininsa Mai Taya, mai kanti uku a bakin babban titi, wanda ya riga ya sauya wa motar gidan ƙafafu huɗu ba tare da an roƙe shi ba.

Duk wannan da sauƙi. Babbar matsalar Akawu ita ce shi ba akawu ba ne.

Ya taɓa yi, a ofishin ruwa, yana jera fayil yana kaɗe musu ƙura. Ya ajiye aikin, sunan ya ƙi ajiye shi. Abin da yake ci da shi yanzu kuwa sai an zauna kafin a yi bayaninsa.

Akwai wasu mutane, manya da gemunsu, da ke kewaye tebur ranar hutu. Ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki ɗan mutum-mutumin da bai wuce ɗan yatsa ba ya ce shi ne jaruminsa, sannan a riƙa jefa ƙwayar lido mai fuska ashirin don a ga ko takobi ya sari dodo ko ya kuskure. Jaruman nan suna bukatar ƙasar da za su taka. Akawu ne ke ƙera musu ita, da farin soson nan mai tauri da ake naɗo firij a ciki, da gam da yashi da tsakuwa. Inda ya fi yin suna shi ne dutse mai aman wuta da kogin narkakken dutsen da ke malalowa daga bakinsa. Ana aiko masa da oda ta waya daga garuruwan da bai taɓa takawa ba, kuma aikin yana riƙe da shi fiye da yadda ofis ya taɓa yi.

Amma kai je ka dubi idon magidanci ka ce masa shekararka arba'in da shida, da furfura a haɓa, kana yi wa ƙarti kayan wasa.

Gwaggonsa ce ta aza tubalin ƙaryar. Ranar da ta je gabatar da magana aka tambaye ta sana'ar ɗan nata, ta gyara zama ta ce babban ma'aikaci ne a ofishin ruwa. Labari ya dawo wa Akawu, ya ce zai gyara. Wata biyu ke nan yana shirin gyarawa.

Jiya Malama ta kira shi.

"Gobe ka gaya masa da bakinka," in ji ta. "Ni na ga aikinka, ina so. Amma ba zan tare a gidan da aka gina a kan ƙarya ba, ko da ta Gwaggo ce."

"Zan faɗa," ya ce, kuma a lokacin har zuciyarsa ya faɗi haka.

Da gari ya waye sai ya gane ashe jarumtar tasa ta cikin waya ce. Ya kwashe kwalaben fenti da buroshi da guntayen soso ya cusa a ɗakin ajiya, ya wanke hannu sau uku. Abu ɗaya ne ya gagara, wani allo mai faɗin ƙyaure da ya ƙi shiga. Ya ja shi kusurwar falo ya lulluɓe da zanen gado.

A kan allon akwai dutsen da ya yi kwana goma yana sassaƙa, a gindinsa kuma kogin wuta. Kogin nan Malama ce ta fente shi ranar Asabar da ta wuce, Gwaggo na gefe tana gadinsu da gyangyaɗi. Ya koya mata cewa wuta a juye ake yi mata fenti. Kowane abu a duniya duhu ake fara sawa sannan haske, ban da ita. Fari ake fara zubawa a can ƙasan tsaga, sai ruwan ɗorawa, sai ruwan goro, sai ja. Baƙi shi ne na ƙarshe, shi ma sai an goge buroshi a tsumma har ya kusa bushewa, a bi saman duwatsun a hankali, don hasken ya zama kamar daga ƙarƙashi yake hurowa.

Ranar ya karya dokarsa guda ɗaya. Ka'ida ita ce a shafe soso da gam sau biyu, kowace shafa ta kwana ta bushe, kafin fenti ya hau. Amma awa ɗaya Malama take da ita, ga buroshi a hannunta, ga ta tana murmushi. Ya ce a ransa ai fentin ruwa ne, ba ya cutar da soso. Ya bar ta ta yi a kan tsiraicinsa.

Bayan azahar mota ta tsaya a ƙofar gida.

Yayan ya shigo gaba, Malama na biye. Gajere ne kakkaura, hannuwansa kamar an aro su daga wani mutum da ya fi shi girma. Akawu ya girme shi da shekara guda, amma mai neman aure ba shi da shekaru.

"Sannu da zuwa, Yaya. Bismillah, ga wuri."

"Yauwa. Ya aikin? Ya mutanen ofis?"

Malama ta ɗago ta dubi Akawu. Ga ƙofa an buɗe masa tun kafin a sha ruwa.

"Lafiya lau," in ji Akawu. "Suna gaishe ka."

Ta mayar da idonta kan tafin hannunta.

Akawu ya kawo shayi. Yayan ya kurɓa, yana bin falon da kallo tun daga silin har ƙasa, sannan ya ɗaga hanci ya shaƙa sau biyu.

"Ana fenti a gidan nan."

"Maƙwabta ne ke gyara."

"A'a. Na bango daban yake wari. Wannan na ruwa ne, na ƙananan kwalabe." Ya nuna kusurwa da leɓe. "Wa ya rasu kuka lulluɓe a can?"

Bai jira amsa ba. Ya tashi ya yaye zanen gadon.

Hasken taga ya faɗa kan kogin. Ko Akawu da ya san sirrin abin sai da ya ji kamar zai ɗumama hannu a kai. Yayan ya durƙusa, ya miƙa yatsa a hankali ya taɓa jan, kamar mai gwada dutsen guga.

"Wannan fa? Na waye?"

Akawu ya ji maɓallin tsakiya yana neman tsinkewa. Kalma biyu ce rak ake bukata: nawa ne. Ya buɗe baki, ya ga fuskar Mai Taya a idon zuciyarsa tana dariya, ya ga kantuna uku a jere.

"Na wani maƙwabci ne," ya ji bakinsa ya ce. "Ajiya ya kawo. Na yaransa ne, kayan wasa."

Ba wanda ya yi motsi. Cokalin da ke hannun Malama ya daina juya shayi.

"Allah sarki," in ji yayan. "Ya yi ƙoƙari, amma bai san fenti ba. Dubi yadda ya bar shi garau babu sheƙi. Ina da gwangwanin feshi a mota, irin wanda muke gamawa da shi. Bari in yi wa yaran alheri."

Ya fita. Akawu ya tsaya kamar an dasa shi. Ya san abin da ke cikin gwangwanin nan. Feshin mota da tina ake haɗa shi, ruwan nan da ake tsinka fenti da shi, tina kuwa cin soso take yi kamar yadda ruwan zafi ke cin sukari. Da an shafa gam da da sauƙi. Ba a shafa ba, kuma shi kaɗai ne ya san dalili.

"Ka yi magana," in ji Malama ƙasa-ƙasa. Ba ta san maganar tina ba, maganar gaskiya take yi.

"Bari ya zauna tukuna. Yanzu zan..."

Yayan ya dawo yana girgiza gwangwani, ƙwallon ciki yana ƙas-ƙas-ƙas. Suka fitar da allon tsakar gida, Akawu da hannunsa ya kama gefe guda.

"Mai shi ba zai ji haushi ba ko?"

"Ba na jin zai ji."

Ƙas-ƙas-ƙas.

"Ka tabbata? Kayan mutane ne fa."

"Ai alheri ne, Yaya."

Yayan ya cire murfin, ya tsaya da yatsa a kan maɓallin, ya juyo ya dubi Akawu tsakiyar ido.

"In fesa?"

Akawu ya dubi takalminsa. Ya gyaɗa kai.

Da farko abin ya yi kyau. Kogin ya ɗauki sheƙi kamar gaske. Sai ƙwanƙolin dutsen ya fara ƙuraje, ƙurajen suka zama ramuka, ramukan suka haɗe. Gefen dutsen ya lotsa ya zauna a hankali kamar tsoho a kujera. Tsagogin da Malama ta bi ɗaya bayan ɗaya da bakin buroshi suka buɗe, fari da ruwan ɗorawa da ja suka cakuɗe suka zama wani ruwan ƙasa mai yauƙi. Kafin minti biyu abin da ya rage ya fi kama da tabarmar da ruwa ya ci.

"Ikon Allah," in ji yayan, yana mayar da murfi. "Ashe ba ƙarko. Ka ba maƙwabcin haƙuri."

Malama ta gyara mayafinta. Ba ta dubi allon ba, ba ta dubi Akawu ba.

"Yaya, mu tafi. Kaina ke ciwo."

Kwana biyu yana kira ba ta ɗauka. A na uku ya je ya tsaya a inuwar katangar makarantarsu lokacin tashi, yana ta gaisawa da mai gadi har gaisuwa ta ƙare suka koma kallon juna. Sai da ɗalibai suka watse ta fito, da tarin littattafan gyara a ƙirjinta.

"Malama, don Allah minti biyar."

"Ka samu hutu daga ofis ke nan?"

Ya haɗiye wannan, don ya san ya ci bashin fiye da haka.

"Zan sake wani. Wallahi wanda ya fi shi. Kwana goma ne kawai, sai ki zo ki sake..."

"Kana jin soso nake wa kuka?"

Sai a lokacin ya lura idanunta sun kumbura. Ta jingina da katanga, hawaye suka fara sauka, ba ta ko share ba.

"Ina tsaye a wurin. Hannuna ne ya yi kogin nan. Kai ka riƙe min kwalba kana cewa a hankali, a hankali, wuta daga ƙasa take. Na koma gida da ja a farcena, kwana biyu ban kankare ba don ina son ganinsa. Sannan aka tambaye ka na waye, ka ce na maƙwabci."

"Tsoro na ji kada ya hana ni ke."

"To ranar da aka tambaye ka ni wace ce a wurin da kake jin kunya fa? Ni ma ta maƙwabci ce, ajiya aka kawo?"

"Haba Malama."

"Kada ka ce min haba. Ka san feshin nan zai cinye shi?"

Ya kau da kai.

"Ka sani?"

"Na sani."

Ta rufe ido. Wani littafi ya zame ya faɗi, ya sunkuya ya ɗauka, ya rasa yadda zai miƙa mata, ya ci gaba da riƙewa.

"Har ka kama masa gefe guda," in ji ta. "Kai ka fitar da shi da hannunka."

"Ke ba ki san yadda abin yake ba," ya ce. "Shekara tara in na je ɗaurin aure ana tambayar sana'a, wannan ya ce gini, wancan ya ce asibiti, ni sai in tashi neman wurin wanke hannu. Ƙanena ya taɓa shigowa ya same ni ina yi wa dodo fentin haƙora. Bai ce komai ba. Da ma ya yi dariya."

"Na sani fiye da yadda kake zato. Marigayi shekara biyu yana ɓoye min ciwo, wai kada a ce ya gaza. Kullum lafiya lau, lafiya lau, har ranar da aka ɗauke shi a kwance. Na riga na binne mai kunya guda. Ba ni da ƙarfin na biyu."

Nan Akawu ya ji nasa hawayen sun zubo. Kukan mai gashin baki ba shi da kyan gani, hawayen ma ba sa samun hanya sai sun tsaya a shinge. Mai gadi ya juya baya ya shiga gyaran wata kujera da ba abin da ya same ta.

"Inna kullum sai ta zaunar da ni," in ji Malama, tana jan hanci. "Auta, shekaru na tafiya. Auta, mutumin nan mai taya ba shi da aibu. Ni ce nake cewa a jira, akwai wani. Wata biyu ina tsaye ni kaɗai ina kare ka. Yanzu Yaya ya ba mutanen Mai Taya ranar Asabar su zo."

"Asabar ɗin nan?"

"Ita."

"Kina sonsa?"

"Ba na sonsa. In ya zo zance, tayar babbar mota da ta ƙarama yake bambanta min har in fara hamma. Amma in aka tambaye shi abin da yake yi, kafin a rufe baki ya faɗa."

Ta karɓi littafinta daga hannunsa ta wuce. Bai bi ta ba.

Washegari da safe ya sa rigar aikinsa, wadda kowane launi na duniya ya bar sa hannu a kanta. Ya ɗauko wani ƙaramin faifai da ya gama tun watan jiya, tafkin wuta da 'yar gada a kai, bai naɗe shi a komai ba. A cikin bas wata mata ta tambaye shi ko kek ne. Ya ce a'a, wuta ce. Ta matsa.

Garejin yayan yana bayan layin masu walda. Ya same shi yana goge ƙofar wata mota da takardar yashi. A kan benci kuwa, da kofin shayi da ƙafa ɗaya kan ɗaya, ga Mai Taya. Akawu ya so ƙasa ta tsage, ƙasa ta ce ba ruwanta.

"A'a, manyan ofis," in ji Mai Taya. "Yau ruwan ne ya ɓalle da launi haka?"

Akawu ya gaishe su. Ya ajiye faifan a kan bonet.

"Yaya, na zo in gyara magana. Ba na aiki a ofishin ruwa. Shekara tara da barina. Wannan ne aikina. Ni nake yin su da hannuna, ina sayar wa masu wasan tebur. Wanda ya narke ma nawa ne, babu wani maƙwabci. Kogin kuma ƙanwarka ce ta fente shi."

Mai Taya ya ajiye kofi don ya ji daɗin dariya da kyau.

"Wasa? Wasan yara?"

"Na manya."

"To ai gara na yara." Ya share ido. "Aboki, ka ji surukin da ake so a ba ka. In yunwa ta zo sai a dafa dutse."

Yayan bai yi dariya ba. Ya hure ƙurar da ke hannunsa.

"Na sani," ya ce.

Akawu ya ɗago.

"Tun watan jiya. Fanfon garejin nan ya lalace na je ofishin ruwa, na ce bari in gaisa da mai neman ƙanwata. Suka yi ta tunani, sannan wani dattijo ya ce ko wanda ya tafi tun zamanin tsohon manaja? Ban ce wa kowa komai ba. Na ce bari in ga ranar da zai faɗa."

"To feshin..."

"Shekara ashirin da shida ina wannan sana'a. Kana jin ban san abin da tina ke yi wa soso ba? Sau uku na tambaye ka. Na girgiza gwangwanin nan har hannuna ya gaji. Jira nake ka riƙe min hannu ka ce kai, tsaya, aikina ne. Da ka yi haka, a ranar zan ba ka ita. Mutumin da zai tsaya a narka guminsa a gabansa don kada a raina shi, me zai yi ranar da aka taɓa min ƙanwa?"

Akawu ya sunkuyar da kai. Kunyar jiya ashe ƙanwar ta yau ce. Duk rawar da ya taka da matsattsiyar riga, a gaban wanda ya san kiɗan ya taka ta.

Yayan ya ɗauki faifan ya juya shi a hasken rana. Muryarsa ta sauka.

"Abin da ban sani ba shi ne hannun Auta na ciki. Da na sani da ban fesa ba. A mota ta gaya min. Na ce mata da gangan na yi, don in gwada ka. Yau kwana huɗu ko ruwa ba ta miƙo min ba." Ya kanne ido ɗaya yana leƙa ƙarƙashin gadar. "Babu ƙwan fitila a ciki?"

"Babu."

"To ta ina hasken yake fitowa?"

"Fari ake fara sawa a ƙasa. Baƙi a ƙarshe."

"A juye?"

"A juye."

"Hm," in ji yayan, irin hm ɗin da mai sana'a ke yi in ya ga abin da bai iya ba kuma ba ya son faɗa.

Mai Taya ya gyara murya. "Aboki, maganar Asabar dai tana nan ko?"

"Ni na ba ku rana, ba zan janye da bakina ba." Ya miƙa wa Akawu faifansa. "Amma ba ni za a aura ba. Ka je gidanmu. Inna har yau tana gaya wa ƙawayenta za a daina yanke mana ruwa. Ka je ka faɗa mata abin da ka faɗa min, Auta na ji."

Inna tana zaune a falo da tabarau a karan hanci, tana fama da zare da allura. Labulen ɗakin ciki a sake yake, amma akwai yatsun ƙafa a ƙarƙashinsa. Akawu ya durƙusa nesa kaɗan, ya gaishe ta, ya faɗi komai tun daga farko. Karo na biyu ya fi sauƙi, kamar cire haƙori na biyu.

Ta saurara har ya gama. Ta jawo faifan ta ɗora tafin hannu a sama ba ta taɓa ba, ta ji ko da zafi.

"Akwai sata a ciki?"

"Babu, Inna."

"Caca?"

"Babu. Labari ne kawai suke bayarwa."

"Manya da su?"

"Har da likita a cikinsu."

"Allah ya shirya likita." Ta cire tabarau. "Kana ci kana sha da shi?"

"Ina yi."

"To ɗan nan, me ka ɓoye?"

Ya daɗe yana neman amsa mai kyau, bai samu ba, ya ba da wadda ke akwai.

"Kunya, Inna."

"Kunyar wa? Wanda ka ji kunyarsa shi ke ciyar da kai?" Ta mayar da tabarau. "Ni dai na yi asarar ruwan fanfo. Auta, kin ji shi. Me za a ce wa mutane?"

Labulen ya ɗan motsa. Muryar Malama ta fito daga bayansa.

"Inna, ki ce wa Yaya ya aika wa Mai Taya kada su wahalar da kansu ranar Asabar."

Zuciyar Akawu ta yi tsalle ta bugi haƙarƙari.

"Shi kuma wannan, ki ce masa ban ce na zaɓe shi ba."

Zuciyar ta koma ta zauna.

"Ki ce masa ranar Litinin ina da darasin duwatsu masu aman wuta da 'yan aji uku. Su arba'in da biyu ne, kuma ba su da tausayi. Ya zo da kayan aikinsa da wannan rigar ta jikinsa, ya tsaya a gaban allo ya faɗi sana'arsa da ƙarfi yadda na layin baya za su ji. Ya yi dutse a gabansu tun daga soso, ya amsa duk abin da suka tambaya. Shugabar makaranta ma za ta zauna. In ya fita daga ajin nan bai ce na maƙwabci ba ne, to ya turo Gwaggo. Amma ta zo da gaskiya a bakinta."

Inna ta dubi Akawu ta saman tabarau.

"Ka ji. Ni ba sai na maimaita ba."

Akawu ya hango su, 'yan mata arba'in da biyu 'yan shekara goma sha huɗu, masu iya kashe mutum da kallo ɗaya da ƙus-ƙus a bayan littafi. Mutum guda ya tsorata shi har ya narka kwana goma na aikinsa.

Ya juya ya fuskanci labulen.

"Ƙarfe nawa?"

"Takwas," in ji ta. "Kuma ba a shiga ajina a makare."